Hutu a Norwe cikin mota mai ɗaki: amsa ga mai son kaiwa Nordkapp cikin kwana 12

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hamburg ta ƙasar Jamus da mai ɗakina da yara uku, babban shekararsa 13, ƙaramar kuma 5. Muna so mu yi hayar irin motar nan mai ɗaki da gado da kicin, mu tafi Norwe a watan Yuli, kwana 12. Burina mu kai Nordkapp mu ga ranar da ba ta faɗuwa. An ce mini a can ko ina mutum ya ga dama yana iya tsayawa ya kwana kyauta. Shin haka ne? Wace irin mota zan ɗauka, kuma yaya za mu yi da abinci da salla?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda huɗu ce a dunƙule: nisan da kake son ci, girman motar, wurin kwana, sannan cin abinci da ibada. Zan fara da ta farkon, domin ita ce za ta ɓata maka rai, kuma gara ta ɓata maka yanzu kana kan kujera a Hamburg da ta ɓata maka a kan dutse yara suna kuka a baya.

Ka ajiye maganar Nordkapp tukuna

A Lindesnes, wato ƙarshen Norwe ta kudu, akwai allon da ke nuna cewa daga nan zuwa Nordkapp, can ƙarshen ƙasar ta arewa, kilomita 2,518 ne. Zuwa da dawowa sun haura 5,000. Ka ƙara da kusan kilomita 500 daga Hamburg zuwa Hirtshals a arewacin Denmak, inda za ka hau jirgin ruwa, da wasu 500 na komowa. Ka raba 6,000 gida 12, za ka ga kowace rana sai ka ci kilomita 500, babu hutu ko na yini ɗaya. A babban titin Jamus wannan ba komai ba ne. A Norwe kuwa iyakar gudu a yawancin hanyoyin bayan gari 80 ce, a cikin gari 50, kuma 80 ɗin ma a kan allo take. Ni da na sha zaga yammacin ƙasar da irin wannan mota, in na haɗa lanƙwasa da hawa da gangara da jiran jirgin fito, ba na lissafa wa kaina fiye da kilomita 50 zuwa 60 a awa. To ka ga kowace rana awa takwas zuwa goma kenan kana riƙe da sitiyari. Wannan ba hutu ba ne, aikin direban tirela ne, sai dai shi ana biyansa, kai kuwa kai ke biya.

Akwai masu bi ta Suwidin su miƙe arewa domin hanyar ta fi saurin tafiya. Suna kaiwa, amma abin da suka gani shi ne dazuzzukan Suwidin ta gilashi, su tsaya a Nordkapp awa biyu, wataƙila ma hazo ya rufe ranar da suka zo gani. In ranar tsakar dare ce ta tsaya maka a rai, a birnin Tromsø da ke arewacin Norwe ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Mayu har wajen 22 ga Yuli. Wata shekara ku hau jirgin sama zuwa can, ku yi hayar motar a can. A wannan karon ku tsaya a kudu da yamma.

Ga zagayen da nake ba mutane, wanda na bi shi fiye da sau ɗaya. Daga Hirtshals jirgi ya tsallaka da ku Kristiansand, tafiyar awa uku da 'yan mintuna. Ku bi hanya mai lamba 9 ta kwarin Setesdal zuwa Haukeli, ku gangara Odda, ku bi gefen ruwan Hardanger zuwa Eidfjord, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 182 a Vøringsfossen. Daga nan sai Voss, Gudvangen, Flåm da Aurland, ku shiga ramin Lærdal, hanyar mota da aka fafe ta cikin dutse, ku hau jirgin fito zuwa ɓangaren Sogndal, ku haura dutsen Sognefjell ta hanya mai lamba 55 wadda ta kai tsayin mita 1,434, ku sauka Lom, ku leƙa Geiranger, sannan ku juyo ta Otta da Lillehammer zuwa Oslo. Daga Larvik akwai jirgin da zai mayar da ku Hirtshals. Wannan ya ishi kwana 12 har da ranaku biyu ko uku da motar ba za ta motsa ba sam, kuma su ne ranakun da yara za su riƙa tunawa.

Mita shida da kilo 3,500

Lambobi biyu ne za su yanke maka hukuncin motar da za ka ɗauka. Ta farko nauyi. Lasisin ƙaramar mota, wanda a Turai ake kira rukunin B, yana ba ka damar tuƙa motar da nauyinta gaba ɗaya bai wuce kilo 3,500 ba. Gaba ɗaya na nufin da ku biyar, da ruwan tanki, da dizal, da tukunyar gas, da buhun shinkafar uwargida. Motocin nan tun suna wayam suke da nauyi, abin da ake bar maka na kaya sau da yawa 'yan ɗaruruwan kilo ne kawai. Ka tambayi mai hayar adadin a rubuce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka idan za ka hau dutse kada ka cika tankin, rabi ya isa, ruwa ba ya wahalar samu a ƙasar. Hukumar hanyoyi tana da ma'aunai a bakin titi, kuma tarar wuce nauyi ba ta da daɗi.

Ta biyu tsawo. Yammacin Norwe teku ne ya kutsa harsuna tsakanin duwatsu, abin da suke kira fiyod, kuma a wurare da yawa hanya takan ƙare a bakin ruwa, jirgin fito ya ɗauke ka da motarka ya sauke a ƙetare. Kuɗin jirgin da tsawon mota ake yanke shi. Har zuwa mita 6 farashin ƙaramar mota ne. Da ka ɗara ko da taƙi ɗaya ka faɗa aji na gaba, kuma tsallen ba ƙarami ba ne. Shekarar da na fara, na ɗauki mota mai mita 5.99, ina ta yi wa kaina kirari, sai na ɗaura kekunan yara a bayanta. Ashe da abin da ka rataya ake aunawa. Duk jirgin da muka hau a wancan zagayen kuɗin babba na biya.

Matsalarka ita ce ku biyar ne, kuma motocin da ba su kai mita 6 ba yawanci na mutum biyu zuwa huɗu ne. Da wuya ka tsira daga mai mita shida da rabi ko bakwai, irin mai gado a saman kan direba. To ka ɗauki mafi gajarta a cikinsu, ka sa kuɗin jirgin a lissafi tun yanzu. Sannan ka ƙirga kujerun da ke da bel, kada ka ƙirga gadaje. Akwai motar da ke kwanar da mutum shida amma bel huɗu gare ta, kuma doka ba ta yarda kowa ya kwanta a gado ko ya tsaya a kicin mota na tafiya ba. 'Yar autarka tana buƙatar kujerar yara, domin duk yaron da tsayinsa bai kai santimita 135 ba dole ne a ɗaure shi a irinta. Ka duba da idonka cewa kujerar za ta ɗauru a mazaunin baya kafin ka sa hannu a takarda.

Tunda daga Jamus za ka ɗauko motar, ka faɗa musu ƙarara cewa Norwe za ka kai ta, inshorar ta nuna haka. Ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane kafin ka fita daga harabarsu, har da rufin da madubai. Ka rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Ka kuma tafi da tukunyar gas biyu cike, saboda bakin tukunyar Jamus ba ɗaya yake da na Norwe ba, ba za ka shiga gidan mai ka yi musaya kai tsaye ba. A Yuli biyu sun ishe ku dafuwa da firji da ɗan hita da daddare.

Kuɗin hanya ba za ka ga mai karɓarsa ba. Babu shinge, babu rumfa. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, tsarin da suke kira AutoPASS, takardar biya ta bi mai motar daga baya. A jiragen fito na cikin gida ma yawanci haka ake yi. Ka tambayi mai hayar yadda zai cire kuɗin da abin da yake ɗorawa a kai na ladansa, don kada wata biyu bayan ka dawo ka ga an zaftare maka asusu ka rasa dalili.

Maganar kwana kyauta

Wanda ya gaya maka ya faɗi rabin gaskiya. Akwai haƙƙin da suke kira allemannsretten, yana cikin dokar 1957. Ya ba kowa damar yawo a daji da dutse da bakin ruwa ko da filin wani ne, muddin ba gona ba ce ko harabar gida, ya kafa tanti nesa da gidan da ake zaune da aƙalla mita 150, ya kwana biyu ba tare da neman izini ba. Amma wannan haƙƙin na mai tafiya a ƙasa ne, da mai keke, da mai kwalekwale. Mota tana ƙarƙashin wata doka dabam wadda ta hana shiga da abin hawa mai inji cikin daji ko ciyawa. Abin da kake da shi kawai shi ne ka ajiye mota a wurin da aka halatta ajiyewa, kamar wuraren hutawa na bakin hanya, ka kwana a ciki in babu allon da ya hana. Allunan hanin kuwa sai ƙaruwa suke, musamman a wuraren da baƙi suka yi yawa irin su Lofoten da Geiranger, domin mutanen gari sun gaji da tashi da safe su tarar da baƙo ya toshe ƙofar gonarsu ya shanya wanki.

Ka lura da faffaɗan wurin da ke gefen siririyar hanya mai shuɗin allo da harafin M. Wurin kaucewa ne, don motoci biyu su wuce juna. Ba wurin kwana ba ne, ba ma wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne.

Ni yadda nake yi, dare ɗaya ko biyu a waje, na uku a zangon biya, inda akwai wuta da wanka da injin wanki. Ba tsoron doka ne ke kai ni zangon ba, tankuna ne. Motar tana da tankin ruwa mai kyau na wajen lita 100, da tankin ruwan wanke-wanke, da kuma akwatin masai wanda bai fi lita 20 ba. Bature mai amfani da takarda yakan yi kwana uku akwatin bai cika ba. Mu masu buta, mutum biyar, kwana ɗaya da rabi ya cika fal, kuma ba ya yin sallama kafin ya cika. Ƙaramar fitila ce ja za ta kama, sau da yawa da tsakar dare. Don haka duk inda kuka ga bayan gidan jama'a a wurin hutawa, kowa ya ɗauki butarsa ya je can, a bar na mota don dare da yara. Alwala ma a yi ta a waje in babu ruwan sama. Wurin zubar da ƙazantar sunansa tømmestasjon, ana samunsa a zanguna da wasu gidajen mai da wasu wuraren hutawa. Nan kaɗai ake juye akwatin. Ka sayi safar hannu ta roba, kuma kada ka taɓa cika tankin sha da tiyon da ake ɗauraye akwatin masai, ko da ka ga wani yana yi. Wannan aikin na maigida ne, kada ka ce za ka tura yaro.

Ka sani kuma makonni ukun ƙarshe na Yuli su ne hutun gama-gari na ma'aikatan ƙasar. Zangunan da ke bakin ruwa kan cika tun la'asar. Ka isa kafin ƙarfe huɗu, ko ka kama wuri tun da safe ta waya. Jirgin Hirtshals kuwa tun yanzu ya kamata ka saye tikitinsa.

Tuƙin kansa

Fitilar gaba a kunne take dare da rana, doka ce. A hanyar da ba ka ga allon rawaya mai kusurwa huɗu ba, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Rigar nan mai ƙyalli ta kasance inda hannunka zai kai kana zaune. Tumaki suna kwanciya a kan kwalta saboda ɗuminta, ba sa kuma jin hon.

Abin da ya fi kashe wa baƙi jiki shi ne gangara. Ranar da na fara sauka Geiranger na ɗora ƙafa a birki tun daga sama, ban kai rabi ba ƙauri ya cika motar, birkin ya fara laushi kamar an taka tuwo. Allah Ya sa akwai wurin tsayawa kusa. Muka zauna kusan rabin awa tayoyi suna huci, mai ɗakina ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ka sauka da giyar da ka hau da ita, ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa dannawa kana saki. In ka ga motoci sun yi layi a bayanka, ka raɓe a wuri na farko su wuce, za su ɗaga maka hannu.

Ramukan dutse ba su ƙirguwa. Na Lærdal, wanda aka buɗe a 2000, tsawonsa kilomita 24.5, tafiyar wajen minti 20 a cikin dutse. An fafe manyan kogo uku a ciki an haska su da shuɗiyar fitila don kada direba ya yi gyangyaɗi. Ka gaya wa yara su ƙirga su. Akwai tsohuwar hanya ta saman dutsen, inda dandalin kallo na Stegastein yake, mita 650 sama da ruwa, amma hawanta daga Aurland siriri ne ƙwarai. Da mota mai mita bakwai a tsakiyar Yuli, ni ba zan hau ba. Ka bar motar a ƙasa ku bi bas. Hanyoyin kan dutse kuma ana iya rufe su ba shiri. Trollstigen mai lanƙwasa 11 an rufe ta a bazarar 2024 saboda faɗowar duwatsu. Kowace safiya ka duba shafin hukumar hanyoyi ko ka kira 175, ka duba yanayi a yr.no. Lambobin gaggawa su ne 110 na kashe gobara, 112 na 'yan sanda, 113 na motar asibiti.

Tukunya da salla

Norwe ƙasa ce mai tsada, kuma kicin ɗin motar shi ne ribar hayarta. Ku yi sayayyar busasshen abinci a Hamburg: shinkafa, taliya, mai, tumatirin gwangwani, yaji, kuka, daddawa. Nama da cuku daga Jamus an yarda da har kilo 10 ga mutum, don haka ku sayi na halal a can gwargwadon abin da firjin zai ɗauka, shi kuwa ƙarami ne. Dankalin Turawa ɗanye ba a shiga da shi. Kilishin da aka aiko maka daga gida shi ma ka bar shi, naman da ya fito daga wajen Turai haramtacce ne a kan iyaka. Idan kun bar Kristiansand samun mahaucin halal sai an dace, har ku kai Oslo, inda unguwar Grønland ke cike da su. A tsakani kifi ne abokin tafiya, kuma kamun kifi da ƙugiya a teku kyauta ne, na kogi da tafki ne ke buƙatar izini. A kan kwali ka nemi kalmar svin, alade kenan. Shagunan da suka fi sauƙi su ne Kiwi da Rema 1000 da Extra, manyansu kuma a rufe suke ranar Lahadi, sai ku yi cefane Asabar. Ruwan famfo ya fi na roba daɗi. Robobin lemo kada a yar, akwai injin da ke mayar da kuroner (kuɗin ƙasar) 2 ko 3 a kan kowace. Ka bar wa yara wannan sana'ar. Gashi a kan gawayi kuma a yi hattara, daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji ko kusa da shi, sai a wurin da aka tanada.

Salla tana da nata lissafi. Ko a kudu, a farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, ta fito wajen huɗu na asuba, kuma jan shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya a tsakani. Manhajar waya takan rikice, ta ba ka Isha da Asuba a manne ko ta ba ka lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. Masallatan Oslo suna fitar da jadawalin da suka daidaita, shi nake saukewa in bi. Can arewa a Tromsø, a watannin da rana ba ta faɗuwa, jama'ar masallacin lokacin Makka suke bi. Alƙibla tana kudu maso gabas. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi kuwa ba fagena ba ne, ni direba ne mai yawan yawo, ka zauna da malaminku a Hamburg kafin ku tashi ya warware maka. Abin da zan iya cewa shi ne ku tafi da tabarma ta roba, domin ciyawar can kullum a jiƙe take, cikin motar kuma mutum ɗaya kaɗai ke samun wurin sujada, shi ma a karkace.

Hasken nan yana hana yara barci. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare za su ce maka ai rana ba ta faɗi ba, kuma da gaskiyarsu. Ka ja labulen tagogi duka tun tara, har da na rufi. Ku ɗauki rigunan sanyi da na ruwa ko da Yuli ne. A saman Sognefjell za ku tarar da dusar ƙanƙara a gefen hanya, 'yar autarka za ta so taɓawa, sai a sa mata takalmin da ba ya shan ruwa.

Duk abin da na faɗa na bazara ne, daga Yuni zuwa Agusta, kuma na kudu da yamma, inda na fi sabawa. Farashin haya da na jirgi da na zango suna sauyawa kowace shekara, shi ya sa ban ɗaure ka da adadi ba. Ka ɗauko su daga shafukan kamfanonin a makon da za ka biya. Ka riƙe katin banki mai lambar sirri, domin gidajen mai da yawa babu ma'aikaci, injin ne kawai, kuma kusan ko ina da kati ake biya. Daren ƙarshe ku kwana kusa da Larvik, ka juye tankuna a can, ka rufe tukunyar gas kafin ku shiga jirgi, don za a tambaye ka a bakin ƙofa. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida uwargida da yara.